Muryar da Aka Ara wa Sufeto

Sora Velia, wato Malama Velia a bakin mutanen Roma, ta manta muryar mijinta, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Fuskarsa tana nan, ga ta ma cikin firam a kan talabijin, da hular nan da yake karkatawa gefe guda kamar wani mai abin hannu. Tana tuna warin tabarsa, tana tuna yadda yake jan takalmi a kan bene idan ya kwaso gajiya. Amma muryar, wadda saboda ita ta aure shi tun farko, ta tafi. In ta rufe ido ta ce bari ta ji Settimio yana kiranta daga kicin, abin da ke zuwa mata shi ne ƙarar 'yar na'urar nan da yake dannawa a wuya bayan likitoci sun yanke masa maƙogwaro, mai fitar da magana kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Shekarun da ya yi da na'urar kafin ya rasu sun cinye duk waɗanda suka gabace su.

Abin haushin kuwa, mutumin nan da murya yake cin abinci. Yana cikin masu ɗora wa fim magana. A zamanin can nan Roma ba wanda ke wahalar da kansa ya ɗauki sauti a wurin ɗaukar fim. A kafa kyamara, darakta na ihu, kafinta na buga guduma a bayan fage, ɗan wasa ya buɗe baki ya faɗi abin da ya ga dama. Wani ma ƙirga kawai yake yi, ɗaya, biyu, uku, da fuskar mai kuka. Sai daga baya a tara su Settimio a ɗaki mai duhu su zuba magana a bakin. Shi dai nasa rabon ƙanana ne: hayaniyar kasuwa, gungun sojoji, mai kawo abinci da ke cewa ga shi ranka ya daɗe. Mutum ashirin a gaban makirfo ɗaya. Velia ta sha manna kunne jikin talabijin idan an sa tsohon fim, har wuyanta ya ƙage, amma ba ta taɓa iya tsamo shi daga cikin taron ba.

Sau ɗaya tak ya taki sa'a. Wani mai kamfani da ba shi da halin ɗaukar manyan masu murya ya shirya fim ɗin kisa, irin waɗanda muke kira rawaya, ya sa masa suna Farar Lema a Bakin Kogi. Ya ɗauko wani Ba'amurke da kasuwarsa ta mutu a gida ya ba shi sufeton 'yan sanda, ya ba Settimio bakin Ba'amurken. Sufeto kuwa shi ke magana tun daga farkon fim har ƙarshe. Aka saki fim ɗin a watan Agusta, lokacin da duk mai ƙafa ya gudu bakin teku, ya yi sati guda ana nuna wa kujeru. Velia tana asibiti, ta haifi Loredana.

"Bar shi kawai, shirme ne," in ji Settimio a lokacin, yana jijjiga jaririyar. "Fim ai ba ya gudu. Ma gani."

Fim kuwa ya gudu. Kamfanin ya rushe kafin sanyi ya shigo, ba a sake jin ɗuriyar fim ɗin ba, ko a talabijin ɗin da ba ta raina kowane tarkace.

Ranar wata Laraba aka buga mata ƙofa kamar za a ɓalla. Sora Cesira ce, maƙwabciyarta ta ƙofa da ƙofa, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana sayar da kifi a kasuwar Garbatella, har yau kuma magana take kamar tana kiran mai saye daga tsallaken titi.

"Velia! Ke Velia, kin mutu ne a ciki? In kin mutu ki faɗa, ina son tukunyar nan taki."

"Sai dai ki mutu ki bar ni, tsohuwar banza. Me ya faru?"

"Lemar nan da kike damun mu da ita. Fara ce ko baƙa?"

Velia ta tsaya da tsumman goge kwano a hannu. "Fara."

"To na gan ta. Na je unguwar San Lorenzo wajen mai duba haƙori, ga ta manne a bango, mace kwance da jini, ga wani ƙato da hula. Ranar Lahadi za a nuna, a wani rami ƙarƙashin shagon mai gyaran keke. Sau biyu kawai, da la'asar da kuma yamma. Na sa wani ya rubuta miki lambar wayarsu." Ta miƙa mata tikitin bas da aka yi rubutu a bayansa, sannan ta ƙare mata kallo. "Ke, zauna mana kar ki faɗo mini. Fim ne fa, ba Paparoma ba."

Velia ta buga waya tun kafin Cesira ta rufe ƙofarta. Wani mutum mai sanyin murya ya ɗauka. Ta tambaye shi ko da gaske fim ɗin ne, na shekarar saba'in da biyu, mai sufeto. Ya ce shi ne, signora, shi ne cif, ba a yanke ko taku ɗaya ba. Ta yi godiya ta ajiye. Tambaya ɗaya ce ba ta yi ba, kuma ba laifinta ba ne, don ba wanda ya tashi a ƙasar nan da zai yi ta. A silimarmu kowa da harshenmu yake magana. Kaboyi ya sauko daga doki ya yi Italiyanci, sarkin Japan ya zare takobi ya yi Italiyanci, har Fir'auna. Ina za ta kawo wa ranta cewa fim ɗin da aka yi a gefen kogin Tevere zai iya buɗe baki ya faɗi wani abu dabam?

Ta kira Loredana a Milano don ta gaya mata.

"Mama, ina tuƙi ne. Lafiya dai ko?"

"Lafiya. Fim ɗin babanki ne aka..."

"Madalla, Mama. Kin sha maganin hawan jinin? Zan kira ki in na isa."

Ba ta kira ba. Velia ba ta yi fushi ba, yarinyar da na'urar ta san ubanta, ba ta san abin da aka rasa ba balle ta neme shi.

Cesira ta yi alkawarin raka ta, amma ranar Lahadi sai ga ɗanta ya sauke mata jikoki da surukarta, gidan ya cika da ƙamshin miyar nama da kukan yara. Ta leƙo da cokali a hannu.

"Ki yi haƙuri, 'yar uwa, kin ga rundunar da ta sauka. Iye! Wannan kwalliya haka? Har da jan baki? Ki gaishe da Settimio, ki ce Cesira ta ce har yanzu yana bin ta bashin rawa."

Velia ta sauka bene ita kaɗai, cikin shuɗiyar rigar da ta sa a bikin Loredana. Bas biyu ta hau. A na biyun ta ji kunyar kanta, mace mai shekara saba'in tana ɗoki kamar wadda za a kai gidan miji.

Ramin da Cesira ta faɗa rami ne da gaske. Matakala ƙunci, warin danshi, kujerun katako da aka kwaso daga wata silimar da ta mutu. 'Yan kallon ba su kai cikin bas ba, yawancinsu masu gemu da baƙar riga, irin mutanen da ke son abu don kawai ba wanda ya san shi. Ta zauna can baya, gefen bango, don kar a ga fuskarta in abin ya zo. Wani siririn dattijo ya fito gaban allo, suka tafa masa suna cewa Farfesa. A Roma duk wanda ya sa tabarau ya riƙe jarida farfesa ne, amma wannan kam da alama ya taɓa koyarwa, don ya iya magana ba numfashi. Ƙasa-ƙasa yake yi, rabi ba ya isowa baya. Ta tsinci cewa an yi shekaru ana nema, cewa kwafi ɗaya ya rage a duniya, a hannun wani mai tara tsoffin finafinai a Jamus, kuma gobe da safe gwangwanayen za su koma. A ranta ta ce Allah ya yi wa Bajamushen nan albarka.

Aka kashe fitila. Farkon fim ɗin babu magana, sai kiɗa mai sa tsigar jiki tashi. Wata budurwa tana tafe bakin kogi cikin ruwan sama da farar lema, wani mai baƙar safar hannu yana biye. Aka yi abin da ake yi a irin waɗannan finafinan, lemar ta gangara cikin ruwa. Velia ba ta ko ƙifta ba, ba don budurwar ta zo ba. Gari ya waye a allo, motar 'yan sanda ta tsaya, wani dogo mai faffaɗar haɓa ya fito yana gyara hula. Ta riƙe hannun kujera. Ya dubi gawar, ya juyo, ya buɗe baki.

Jamusanci ya fito. Murya busasshiya, mai kaifi, ta wani mutum da ba ta taɓa sani ba, da harshen da ta fara ji tana yarinya daga bakin sojoji a kan titin unguwarsu lokacin yaƙi. A ƙasan allo rubutu ya bayyana fari, yana faɗin abin da ake cewa. Ta ɗauka wani sufeton ne, na gaskiyar yana tafe. Ta jira. Likita ya yi Jamusanci, mai gadi ya yi Jamusanci, wata tsohuwa mai shanya a taga, wadda ko makaho ya san 'yar unguwar Trastevere ce, ita ma ta leƙo ta yi Jamusanci. Masu gemu suna ta gyaɗa kai cikin jin daɗi. Velia ta zauna bakin ciki ya cika mata ƙirji, ta rasa ko kuka za ta yi ko ashar.

Da aka kunna fitila don hutun rabin fim, ta miƙe ta nufi dattijon a bakin matakala, inda yake zuba wa mutane kofi daga fulas.

"Kai ne Farfesan?"

"Lanfranco dai, signora. Kofi?"

"Riƙe kofinka. Ni ce na kira ka a waya. Na tambaye ka ko fim ɗin ne, ka ce shi ne cif."

"Shi ne mana. Kin ga ma wurin matakalar nan da ake cewa an yanke..."

"To wane ne wannan da ke haushi a bakin sufeto?"

Ya gyara tabarau. "Ai na yi bayani da farko. Kwafin Jamus ne. Namu ya salwanta tun da kamfanin ya rushe, wasu sun ce gobara, wasu sun ce masu bin bashi ne suka sayar da shi a kilo. Amma hoton ai ɗaya ne, signora, hoton shi ne fim."

"Hoton shi ne fim," ta maimaita. "Mijina ne sufeton. Ba wancan mai haɓar ba, muryar. Settimio Fioravanti."

Idon Farfesa ya yi haske kamar yaron da aka ba alewa. "Fioravanti! Signora, kin san shekara nawa muna gardama a kan wanda ya yi muryar nan? Ba a rubuta sunansu a lokacin, ko ɗaya. Yana raye? Zai yarda ya zo ya yi mana..."

"Ya mutu. Sun yanke masa maƙogwaro, ya daɗe ba murya, sannan ya mutu." Ta ji maganar na fitowa ba da izininta ba, abin da ta ɓoye wa 'yarta da Cesira da limamin cocinsu, ga shi tana zuba wa baƙo mai fulas. "Na manta yadda take. Na zo in ji ne kawai. Ko kalma ɗaya."

Hasken idon nasa ya mutu. Ya ajiye fulas ɗin a kan matakala, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Wayyo, signora. Da na sani..." Sannan, da yake mutum ne da bayani kaɗai ya iya, sai ya koma ga bayani. "Zare biyu ake yi wa sauti. Ɗaya na magana zalla, shi ne ya tafi. Ɗayan na kiɗa ne da motsi, takun ƙafa, ƙarar ƙofa, irin waɗannan. Shi ake sayar wa ƙasashen waje su ɗora nasu harshen a kai. Wato duk abin da ba magana ba a fim ɗin nan namu ne, nan Roma aka yi shi. Ruwan saman da kike ji ma namu ne."

"Ruwan sama na hau bas biyu in ji?"

Ta ɗaga kai ta dubi matakalar, hasken la'asar na sauka daga sama. Ta tuna ɗakin da za ta koma, da hayaniyar jikokin Cesira da za ta riƙa ji ta bango, da tambayar da za a yi mata a bakin ƙofa, yaya angon. Da aka kashe fitila sai ta samu kanta ta koma kujerarta, don nan ne kaɗai wurin da ba wanda zai dube ta.

Ba ta bi labarin ba. An sake kashe wata, an zargi wani mai zane, Bajamushen da ke bakin sufeto yana ta sara magana kamar mai faskare. Tana kallon leɓen Ba'amurken kawai, tana tunanin Settimio ya taɓa tsayawa a duhu yana kallon leɓen nan, yana auna numfashinsa da nasu. Can wajen ƙarshe sufeto ya shiga ɗakin budurwar farko shi kaɗai. Babu kiɗa. Ya taka zuwa taga, ya juya wa kyamara baya, ya tsaya yana kallon kogi. Agogo na bugawa a bango.

Sai aka yi tari. Ƙanana guda biyu, busassu, sannan gyaran murya a bayansu, ɗan gajere, mai zurfi, daga can cikin ƙirji.

Velia ta dafe baki. Ta san tarin nan kamar yadda ta san tafin hannunta. Shi ne wanda ya fara a bazarar da take da cikin Loredana, wanda suka ce taba ce, suka yi ta ba shi zuma da madara mai ɗumi. Ba a rubuta shi a labarin ba, kuɓuce masa ya yi a gaban makirfo, kamfanin da ba shi da kuɗin sakewa ya bar shi, tunda ɗan wasan ya ba da baya. Wanda ya raba zaren kuma ya ji ba kalma ba ce, ya jefa shi cikin takun ƙafa da ƙarar ƙofa. Ta zo neman mutumin kafin ciwo, abin da aka ajiye mata shi ne ranar da ciwon ya fara sallama. Amma a cikin gyaran muryar nan akwai shi. Ɗan kaɗan ne, bai kai a kira shi sauti ba, sai dai da maƙogwaronsa na gaskiya ya yi shi, mai kauri, mai ɗumi. Na ɗan lokaci ta ji yadda sunanta yake fita daga wannan wurin.

Sufeto ya juyo, Bajamushen ya ci gaba da magana, kiɗa ya taso. Ta runtse ido tana ƙoƙarin riƙe abin, tana maimaita shi a cikin kanta, amma tana ji yana zamewa, ƙudan zuman nan na gwangwani yana dawowa ya rufe shi. Kafin rubutun ƙarshe ya gama hawa, rabinsa ya tafi.

Aka kunna fitila, masu gemu suka yi tafi suka hau sama shan taba. Farfesa ya zo ya tsaya a gefenta, ya ga fuskarta jiƙe, jan bakin ya ɓaci.

"Signora, ki gafarce ni. Bari in samo miki tasi, ni zan biya."

Ta buɗe baki za ta gaya masa. Mutum ne mai kirki, wataƙila ma ya san yadda za a kwafe mata wurin kafin gobe. Sai ta dubi tabaran nan, ta tuna mutum ne da ya san abubuwa da yawa. Zai iya gyara su ya ce, cikin sanyin muryarsa, ai Jamusawa ma sukan ƙara irin wannan da kansu, signora, ba lallai namu ba ne. Ba da mugunta zai faɗa ba, gaskiya kawai yake so. In kuwa ya faɗa, ba ta da abin da za ta kare kanta da shi, kuma ba za ta sake iya jin tarin nan ba tare da maganarsa a kai ba. Ta rufe bakin.

"Yaushe za a fara na yamman?" ta ce.

"Da sun gama shan taba. Amma signora, shi ne dai wannan ɗin. Jamusancin ne dai."

"Na sani. Ina so in ga wanda ya yi kisan."

Ya dube ta da mamaki. "Ai yanzu aka nuna shi."

"Ban kula ba."

Ya tafi ya kawo mata kofi a ɗan kofin roba, bai ƙara tambaya ba. Ta tashi daga bayan ta koma layin gaba, dab da lasifikar da ke gefen allo, ta zauna ta juya mata kunnenta na dama, wanda ya fi ji. Sababbin 'yan kallo suka fara saukowa, ba su kai na ɗazu ba. Aka kashe fitila, budurwar ta sake fitowa bakin kogi da lemarta. Akwai fiye da awa guda na Jamusanci kafin a kai wurin tagar. Velia ta ɗora jaka a cinya ta fara jira.